Farin Tikitin 'Yan Gida

SHAFI NA 19

Na ga saƙonninku, har da na masu cewa in shafin yau bai fito ba za su biyo ni garinmu Hua Hin da kansu. Ku zo mana, amma ku taho da kuɗin ƙasarmu, baht dubu biyu na tikiti, don ni ba zan tsaya wa kowa a ƙofa ba. Masu zagin Lamduan kuma saboda ta kalli ɗan cikinta ta ce ba ta san shi ba, ku ɗan sassauta mata. Wanda bai taɓa haɗiye magana shekara ashirin da uku ba bai san yadda take tsayawa a wuya ba. To, mun zo ranar Lahadi.

*

Ƙarfe uku da rabi na yamma layi ya riga ya kai bakin titi, don yau Sakda ne zai yi babban damben rana, kuma kowa ya san ɗan gida ne. Uwarsa Lamduan ce mai sayar da tikiti, ubansa ne mai tsaron ƙofa.

Lamduan na zaune a bayan tagarta tana yagar tikiti ba tare da ta ɗaga kai ba. Taga biyu ce a gaban filin. Ta hagu ta baƙi ce, Jin ke zama a ciki saboda tana jin Turanci: jan tikiti, baht dubu biyu kujerar gaban dandali, dubu ɗaya da ɗari biyar ta baya, an rubuta da manyan lambobi yadda ko daga tsallaken titi za ka karanta. Ta dama ita ce ta Lamduan, ta 'yan ƙasa: farin tikiti, ɗari biyu, an rubuta a ɗan kwali da rubutunmu da lambobinmu, don kada Bature ya karanta ransa ya ɓaci a banza. Shekara goma sha ɗaya tana wannan aiki, kallo ɗaya take yi wa mutum ta san launin tikitinsa.

Yau ce kawai ba ta son kallon kowa.

Jin ta leƙo ta 'yar kafar da ke tsakanin ɗakunansu, bakinta cike da ɗanyen mangwaro.

"Yaya Duan, Baturenki ya dawo."

"Ba nawa ba ne."

"To na wa ne? Kwana uku yana sintiri a nan, ko sau ɗaya bai kalli tagata ba. Ni da na kashe kuɗi a jan-baki saboda su."

"Ki ji da layinki, Jin."

"Ai shi ne abin. Ba a layina yake ba, a naki yake."

Tikitin da ke hannun Lamduan ya yage a karkace.

Ta ɗaga ido a hankali. Ga shi can, mutum na tara ko na goma, ya kere kowa tsawo, sanye da riga mai dogon hannu a wannan zafin. A ƙasar Norway Eirik suke ce masa. Ita kuwa Kop ta sa masa, wato kwaɗo, kamar yadda ake laƙaba wa jariri mummunan suna don kada aljanu su yi sha'awarsa. Shekara huɗu ya yi a hannunta a garin Pattaya, kafin ubansa Bature ya ce zai kai shi ya gaida kakarsa, wata uku ya dawo da shi. Ta sa hannu a wata takarda da ba ta iya karantawa ba. Wata ukun ke nan har yau.

Shekaranjiya da ya tare ta a kasuwa ta roƙe shi, har da haɗa hannu a ƙirji, ya koma inda ya fito. Ta ce in ma dole sai ya yi mata magana, ya kira ta Goggo kamar yadda kowane saurayi yake kiran dattijuwa. Ta ɗauka ya ji.

Mutanen layi sun riga sun fara da shi. Kawu Thiang, tsohon ɗan caca da bai taɓa fashin dambe ba, ya taɓa masa gwiwar hannu da jaridar da ya naɗe.

"Kai, Bature. Ka yi ɓatan kai. Layinku ga shi can, mai inuwa da fanka."

"Nan ne layina, Kawu."

Sai kowa ya juyo, don ba yaren birni ya yi ba, yaren Isan ya yi, na can arewa maso gabas, irin wanda Lamduan ta sha a nono. Amma magana ce ta yaro ƙarami a bakin ƙaton mutum. Aka kwashe da dariya.

"Tabɗi! Bature da yaren ƙauye."

"Ku tambaye shi ko ya iya cin ruɓaɓɓen kifi."

"Wata 'yar Isan ce ta koya masa a kan gado, ba wani abu ba."

Maganar ƙarshen nan ta soki Lamduan. Ta saci kallon ƙofa.

Bunmi mijinta yana tsaye a inda ya saba, tsohon ɗan dambe mai karyayyen hanci, yana karɓar tikiti yana yaga shi biyu. Aljihun rigarsa na ƙirji ya ɗan kumbura, don a nan yake ajiye kambun dantsen Sakda duk ranar dambe, ba ya yarda kowa ya taɓa sai ya ɗaura masa da hannunsa. Mutum ne mai kirki, wannan ba wanda zai musa. Amma ƙanwarsa ta bi wani Bature shekara talatin da suka wuce, kuma tun daga ranar bai ƙara ambaton sunanta ba, ko a ranar ƙona gawar uwarsu. Shekara ashirin da ɗaya Lamduan tana kwana kusa da wannan mutum, tana jin yana cewa macen da ta bi Bature ta sayar da gidansu. Bai san komai game da Pattaya ba.

Layi yana ta matsowa. Saura biyar. Saura uku. Ta ba wata mata canji sau biyu, sai da matar ta dawo mata da shi.

Sai ga inuwarsa ta rufe tagar.

Ya durƙuso don ya daidaita fuskarsa da kafar gilashin. Ya ajiye takardar ɗari guda biyu a hannun dama, ya ajiye takardar dubu guda biyu a hannun hagu, ya daidaita su da yatsa.

"Goggo, tikiti ɗaya."

Ita ta ce ya kira ta haka, amma da ta ji a bakinsa sai ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi.

"Wancan layin," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Na san layin."

"To me ya kawo ka nan?"

"Tikiti."

"Katin ɗan ƙasa."

"Ba ni da shi. Kin san ba ni da shi."

Ta nuna ɗan kwalin da ke saman tagar, don haka ƙa'ida take: wanda fuskarsa ta jawo shakka kuma ba shi da kati, a ce ya karanta.

"Karanta wannan."

Ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon rubutun. Leɓensa ya motsa, ba abin da ya fito.

"Ban iya ba. An tafi da ni kafin a sa ni makaranta."

"To ka gani."

"Akwai hanya ta uku. Mai tuk-tuk ɗin da ya kawo ni ya faɗa mini. Ya ce in ma'aikacin filin ya tsaya wa mutum, ya faɗa a gaban mai ƙofa cewa jininsa ne, ana ba shi fari."

Kai, masu tuk-tuk! Bakinsu ya fi injinsu ƙara. Gaskiya ya faɗa kuwa, haka dokar take, an yi ta ne saboda 'ya'yan ma'aikata da ke zuwa ba kati. Ka fito, ka tsaya gaban mai ƙofa, ka faɗi sunan mutum da abin da yake a wurinka. Mai ƙofa kuwa Bunmi ne.

Lamduan ta matso da bakinta jikin gilashin.

"Ka ji ni. Ka ɗauki ja, ni zan biya maka. Kujerar gaba, ta kusa da kusurwarsa. Za ka ga ƙan... za ka ga Sakda kusa da kusa, har gumin jikinsa zai taɓa ka."

"Ba kuɗi ne ba ni da shi ba."

"To me kake so da ni?"

"Gobe da safe jirgina zai tashi."

Ta kawar da ido zuwa kan littafin tikiti.

"Duk wanda kika ba ni zan karɓa," ya ce. "In ja ne, zan shiga in kalla, in tafi. Ba zan ƙara zuwa ba, ba zan rubuto ba. Ba fushi zan yi ba. Ina so dai in sani, daga hannunki."

"Kana so ka rushe mini gida."

"A'a."

"Yau ƙaninka zai hau dandali. Ka san abin da ake yi wa wanda ya hau da hankali biyu? Gwiwar hannu ɗaya ce, a nan." Ta taɓa girarta. "Ka zaɓi yau don ka ɗaure ni."

"Yau kaɗai ta rage mini."

Daga baya wani ya buga tsaki.

"Goggo Duan, ciniki kuke yi ko zance? An kusa fara na farko."

"Ki ba shi ja ya wuce mana. Bature ne, kuɗinsa ba ya ƙarewa."

A cikin filin mai algaita ya fara gwada busa, ganguna suka amsa. Ƙanshin man zafi da na gasasshiyar kaza ya cika wurin. Eirik ya ɗan janye hannun rigarsa na hagu, ya ɗora wuyan hannun a kan katakon tagar.

Ga shi nan. Ɗan tsumman zani, shuɗi mai zanen ja kamar haƙoran zarto, ya koɗe ya yi laushi, an naɗa shi sau biyu.

"Rufe!" Ta ce da sauri. "Rufe, Baban Sakda yana kallo."

Ya mayar da hannun rigar.

Ku da kuka biyo labarin kun san zanin. Uwarta ce ta saƙa shi da hannunta, babu irinsa biyu a duniya, kuma da shi ta yi naƙudar 'ya'yanta duka biyu. A wurinmu ɗan da zai shiga haɗari, yaƙi ne ko dambe ko doguwar tafiya, uwarsa takan yago bakin zaninta a ɗaura masa, ya tafi da tsarinta a jikinsa. Ranar da aka tafi da Kop, a filin jirgi ta tsuguna ta yagi bakin zanin da haƙori ta ɗaura masa. Tsumman nan ne Kop ya tsinta a akwatin ubansa bayan uban ya mutu, kuma zanensa ya gane a dantsen wani ɗan dambe da ya gani a waya, wato Sakda. Haka ya same ta.

Amma akwai abin da ban faɗa muku ba.

Lokacin da Sakda ya kai shekara goma zai yi dambensa na farko, Bunmi ya ce ta kawo zanin naƙuda zai kitsa masa kambu. Ta kawo. Ya warware shi a kan tabarma, sai ya tsaya yana shafa bakin da yatsa.

"An taɓa yagar nan."

"Ƙusa ce ta kama shi a ƙofar rumbu," ta ce.

Ya ƙara dubawa.

"Ƙusa mai hankali. Ta yaga miƙe, faɗin yatsa biyu."

Ya yagi na Sakda a kusa da wurin. Shekara tara ke nan bai sake tayar da maganar ba, ita kuma ta ɗauka ya manta.

"Me ke faruwa a nan?"

Khun Orawan ce, 'yar mai filin, wadda ta karɓi ragamar wurin bara. Ta fito daga ofis da wayoyi biyu a hannu, takalminta yana ƙwas-ƙwas. A watan jiya ta kori wata ma'aikaciya a gaban kowa saboda ta sayar wa 'yan Koriya biyu farin tikiti, don haka da ta tsaya kowa ya gyara tsayuwa.

"Goggo Duan, layinki ya kai gidan mai. Mene ne?"

"Ba komai, Khun Orawan. Baƙo ne ya yi kuskuren layi."

Orawan ta juya ga Eirik, nan take fuskarta ta cika da murmushin da take ajiye wa baƙi. Ta zuba masa Turanci, tana nuna tagar Jin, tana nuna hoton kujerun gaba. Lamduan ba ta jin Turanci sosai, amma ta san wannan karatun: kujera mai laushi, ruwan sanyi kyauta, hoto da zakara bayan dambe.

Ya bari ta gama, sannan ya amsa da yarensa na yara.

"Na gode. Fari nake so."

Murmushin ya ragu.

"A ina ka koyi yarenmu?"

"A nan aka haife ni."

"Kowa haka yake cewa. Jiya ma wani ya ce mini ya yi wata shida a gidan ibada, don haka shi ɗan ƙasa ne. Kati?"

"Babu."

"Ka karanta kwalin?"

"Ban iya ba."

"To malam, ka taimake ni. Ba mugunta ba ce. Dubu biyunka ita ke biyan 'yan damben nan, ita ke biyan masu ganga da likita. Waɗannan da ka gani," ta nuna layi da waya, "in na ce dubu biyu, rabinsu sai sun yi kwana huɗu suna aiki. Kai kuwa kuɗin abincin rana ne a garinku. Ko ƙarya na yi?"

"Gaskiya ne."

"To?"

"Ba kuɗin ba ne."

Kawu Thiang ya sa baki daga baya. "In ba kuɗin ba ne ka biya mini nawa mana, ɗan albarka."

Aka yi dariya, amma ba kamar ta ɗazu ba. Mutane sun fara jin akwai wani abu a ƙasa. Jin ta daina tauna mangwaro. A ƙofa ma Bunmi ya daina yagar tikiti, don ba mai zuwa wurinsa, ya juyo gaba ɗaya yana kallonsu da hannu a ƙugu.

Orawan ta duba agogo.

"Saura hanya ɗaya, kuma ba na jin kana da ita. Akwai ma'aikacinmu da zai tsaya maka? Wanda zai fito ya ce kai jininsa ne?"

Lamduan ta kafa ido a kan littattafan tikiti biyu da ke gabanta, don akwai ja guda ɗaya a tagarta saboda ranar cunkoso. Ja a hagu, fari a dama. Tsoro take ji, tsoro tsagwaronsa, irin wanda ba ta ji ba tun ranar da wata na huɗu ya kama ba a dawo mata da ɗa ba. Ta san in ya juyo ya kalle ta yanzu, kowa zai bi idonsa, shi ke nan an gama.

Bai kalle ta ba.

Ya kalli ƙasa, ya kalli kwalin da bai iya karantawa ba, ya ɗan ciji leɓensa na ƙasa.

"Babu kowa," ya ce.

"To ka gani. Jin, ba shi kujerar gaba, ki rage masa ɗari biyu saboda ya iya gaisuwa."

Ya tattara takardun ɗarin ya mayar aljihu. Ya ɗauki na dubun. Lamduan ta ji numfashinta ya dawo, sai kuma ta ji kunyar dawowarsa. Ya rufa mata asiri, yaron da ta ce ba ta sani ba.

Sai ya sa yatsa cikin hannun rigarsa.

Ya ɗan jima yana fama da ƙullin, don hannu ɗaya ne. Da ya kwance, ya ninke tsumman biyu, ya turo shi ta ƙarƙashin gilashi inda ake turo kuɗi, ya rufe da tafinsa yadda ba wanda zai gani sai ita.

"Naki ne, Goggo. Na dawo miki da shi."

Ya haɗa hannuwansa ya kai su har goshi, gaisuwar da ake yi wa iyaye, ba ta mai sayar da tikiti ba. Sannan ya juya zuwa tagar Jin.

Lamduan ta kalli tsumman. Yana da ɗumin jikinsa har yanzu.

Jama'a, ɗa ba ya mayar wa uwa bakin zaninta. Ba a yi. Ana binne mutum ko a ƙona shi da abinsa. Shi bai san haka ba, wa zai koya masa a Norway? A ganinsa ladabi ya yi, ya mayar da kayan aro. Amma ita abin da ta gani shi ne gobe da safe zai hau jirgi, ya ƙetare rabin duniya, ba komai nata a jikinsa. Wancan karon ko ba ta iya hana tafiyar ba, ta ɗaura masa wani abu.

Ta ji ƙarar yagar takarda a tagar Jin.

"Jin, dakata."

"Na riga na yaga, Yaya."

"Ki manna shi."

Ta kama littafin dama ta yagi fari ɗaya. Ta tashi, kujerar ta faɗi a bayanta, ba ta waiwaya ba. Ta buɗe ƙofar ɗan ɗakin ta fito cikin rana, ta bar akwatin kuɗi a buɗe, abin da ba ta taɓa yi ba a shekara goma sha ɗaya.

"Goggo Duan, ina za ki? Layi fa?"

Ta bar Orawan tsaye tana tambaya. Ta isa wurinsa, kanta bai wuce ƙirjinsa ba. Ta kamo hannunsa na hagu, ta ture hannun rigar sama, ta naɗa tsumman sau biyu ta ƙulle, ta ja ƙullin da haƙori kamar yadda ta yi a filin jirgi.

"Wawa," ta ce. "Wa ya ce maka ana cirewa?"

Idonsa ya cika.

Ta danƙa masa farin tikitin, ta riƙe wuyan hannunsa ta ja shi zuwa ƙofa. Taku goma sha biyu ne daga taga zuwa ƙofa, ta sha auna shi da ƙafa in za ta kai wa mijinta shinkafa mai danƙo da rana. Mutane suka dare musu. Ba mai dariya yanzu.

Orawan ta biyo su da sauri.

"Goggo Duan, kin san doka. In kika ba shi fari ba hujja, yau ne ƙarshen aikinki, ko da ɗanki ne zakaran duniya."

"Na san doka."

"To faɗi. A gaban Kawu Bunmi. Sunansa, da abin da yake a wurinki."

Suka tsaya. Bunmi bai motsa ba. Bai kalli Baturen ba, ita yake kallo, da idon nan nasa da ba a karanta komai a ciki.

"Maman Sakda," ya ce a hankali. "Wane ne wannan?"

Ta ƙara damƙe hannun saurayin.

"Sunansa Kop."

"Kop ɗin wa?"

"Ɗana ne, Baban Sakda. Ni na haife shi, a Pattaya, kafin in san ka. Shi ne na fari."

Wata mata a layi ta dafe ƙirji. Jaridar Kawu Thiang ta faɗi ƙasa, bai ɗauka ba. Orawan ta sauke wayoyinta, ta rasa inda za ta sa ido. A ciki ganguna suka ɗauki kiɗan rawar gaida malaman dambe, alamar 'yan damben farko sun hau.

Lamduan ta jira mari, ko tofin yawu, ko ya juya mata baya kamar yadda ya juya wa ƙanwarsa. Ta riga ta ga kanta a motar dare zuwa ƙauye da jaka ɗaya. Amma ba ta saki hannun ba.

Bunmi ya miƙa tafinsa.

Eirik ya miƙa masa farin tikitin.

"Ba shi ba. Hannun."

Ya kama wuyan hannun da yatsunsa masu kantar dambe, ya juya shi a rana. Ya daɗe yana kallon tsumman. Sannan ya sa ɗaya hannun a aljihun ƙirjinsa, ya zaro kambun Sakda, ya ɗora shi a gefe.

Shuɗi mai zanen ja. Haƙoran zarton da suka katse a ɗaya, a ɗayan suka ci gaba.

"Faɗin yatsa biyu," ya ce, kamar da kansa yake.

Ya ɗago ya kalli saurayin tun daga sama har ƙasa.

"Ashe kai ne ƙusar."

"Baban Sakda..."

"Shekara tara ina jira ki faɗa mini da bakinki, a ɗaki, mu biyu. Sai kika zaɓi bakin ƙofa."

Ya karɓi farin tikitin, ya riƙe shi da hannu biyu kamar zai yaga. Kowa ya zuba wa yatsunsa ido, don in ya yaga an shiga ke nan, in ya mayar kuwa an san sauran. Takardar ta fara lanƙwasa a tsakiya.

"Baba."

Daga bayansa muryar ta fito, daga cikin duhun hanyar da ke zuwa ɗakin 'yan dambe.

Sakda ne, jikinsa yana ƙyalli da man zafi, an riga an naɗe masa hannuwa da farin bandeji, tawul a wuya. Bunmi da kansa ya kafa doka ba mai yi wa yaron nan maganar gida ranar dambe, ko gobara ce a jira ya sauko.

"An ce in zo in karɓi kambuna, an matso da dambenmu gaba. Mama, me ya fito da ke daga..."

Ya kalli hannun uwarsa a jikin hannun Bature. Ya kalli kambun da ke tafin ubansa, ya kalli wuyan hannun baƙon.

"Baba, me ya sa suka zama biyu?"